Tambaya da Amsa: Me ya sa gwamnati ke biyan jami'o'i su ɗauko masana daga waje?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar jami'a ce, kuma na karanta cewa a watan Mayun 2025 Tarayyar Turai ta ware yuro miliyan 500 domin jawo masu bincike daga wasu ƙasashe zuwa jami'o'inta. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, me zai sa gwamnati ta kashe kuɗin harajin jama'arta a kan baƙo, alhali malaman gida na kukan rashin kayan aiki? Sannan shi kuɗin, aljihun baƙon yake shiga ko asusun jami'a?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Labarin da kika karanta gaskiya ne. Shugabar Hukumar Tarayyar Turai, Ursula von der Leyen, ita ce ta sanar da wannan kuɗi a jami'ar Sorbonne da ke birnin Paris, kuma an tsara kashe shi tsakanin 2025 da 2027. A wurin taron ne shugaban Faransa Emmanuel Macron ya yi alkawarin ƙarin yuro miliyan 100 daga ɓangaren ƙasarsa, sannan a watan Yuni Birtaniya ta fito da nata asusun na fam miliyan 54. Dalilin wannan rige-rige a bayyane yake: gwamnatin Amurka ta zaftare kuɗaɗen bincike a shekarar, masana da dama sun fara neman mafita, ƙasashen Turai kuwa suka ga dama ta samu.

Bari in fara da tambayarki ta biyu, domin amsarta ce za ta haska ta farkon. A mafi yawan irin waɗannan tsare-tsare, jami'ar da za ta karɓi baƙon ita ake danƙa wa kuɗin, ita kuma take biyan albashinsa tare da ɗaukar sauran ɗawainiya. Ɗawainiyar ce ta fi albashin nauyi nesa ba kusa ba. Masanin sinadarai ko na ƙwayoyin halitta da ya baro ƙasarsa ya baro ɗakin gwaje-gwajensa, da na'urorin da ya shafe shekaru yana tarawa, da ɗaliban da suka san hannunsa. Idan ya iso, sai an gyara masa ɗaki, an sayo na'urori, an ɗauki ma'aikacin da zai kula da su, an biya wa ɗalibai masu neman digiri na uku kuɗin alawus, ga takardun izinin zama nasa da na iyalinsa. Kujerar farfesa ta Humboldt a Jamus, wadda aka fara a 2008, ta kasance tana ba da yuro miliyan 5 cikin shekara biyar ga mai aikin gwaje-gwaje, da miliyan 3.5 ga wanda aikinsa na nazari ne a takarda, kuma mafi yawan kuɗin a kan kafa rukunin bincike yake ƙarewa. Waɗannan na'urori da ɗaliban da aka horar suna nan a jami'ar ko da baƙon ya koma inda ya fito.

To, me ya sa jami'a ba za ta yi wannan da kuɗinta ba? Saboda kasafin jami'a a ɗaure yake da albashi da gyaran gine-gine da koyarwa, kuma babu shugaban jami'ar da zai kwashe miliyoyi a shekara ɗaya ya zuba a kan mutum guda ba tare da sauran tsangayoyi sun tayar masa da ƙayar baya ba. Ribar kuma ba ta tsaya a jami'a ɗaya ba. Horar da ƙwararren mai bincike tun daga digirin farko har ya tsaya da ƙafarsa yana cin shekara goma sha biyar ko fiye, don haka ƙasar da take son buɗe sabon fanni cikin gaggawa ta fi samun sauƙi idan ta ɗauko wanda ya riga ya nuna, ya zo ya rene na gida.

Tarihi yana da misali mai kyau a kan haka. A 1933, lokacin da gwamnatin Hitler ta kori malamai Yahudawa da masu adawa da ita daga jami'o'in Jamus, wani likita masanin cututtuka mai suna Philipp Schwartz ya tsere daga Frankfurt zuwa Zurich, ya kafa ƙungiyar nema wa abokan aikinsa gurbi. A daidai wannan shekarar Turkiyya take sake fasalin jami'ar Istanbul, sai ta ɗauki da yawa daga cikinsu bisa sharaɗin su koyi harshen Turkanci, su rubuta littattafan karatu, su kuma horar da mataimaka 'yan ƙasa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu mafi yawansu sun watse, amma mataimakan nan su ne suka gaji kujerunsu. Jamus ta sanya wa shirinta na 2015 na tallafa wa masanan da ke cikin haɗari sunan Schwartz, Faransa ma ta buɗe makamancinsa mai suna PAUSE a 2017, kuma a duka biyun jami'ar da za ta sauki mutum ce take neman tallafin a madadinsa.

Duk da haka, Malama, damuwarki tana kan hanya, kuma ba na jin ya dace a share ta. Hausawa na cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Idan aka shimfiɗa wa baƙo ɗaki na gani na faɗa, a gefensa kuwa malamin da ya yi shekara ashirin yana wa jami'ar hidima ba shi da ko na'urar da ke aiki, to an shuka gaba, kuma ranar da tallafin ya ƙare baƙon zai tattara ya nufi jami'ar da ta fi tayi. A ganina, ma'aunin shiri nagari shi ne abin da aka rubuta game da shekarar da za ta biyo bayan ƙarewar kuɗin. Gidauniyar Humboldt, mai ba da kujerar farfesan nan ta Jamus, ba ta amincewa da sunan da jami'a ta gabatar sai jami'ar ta nuna yadda za ta ci gaba da riƙe kujerar da kuɗinta bayan wa'adin tallafin ya ƙare. Indiya ta bi wata hanya mai rahusa a shirinta na VAJRA da ta fara a 2017, inda masanin waje kan zo ya zauna wata ɗaya zuwa uku a shekara yana aiki tare da malamin gida. Shirin da bai ɗaure baƙo da horar da ɗalibai ba, bai kuma buɗe wa malaman gida ƙofar amfani da na'urorin ba, ni ban ga hujjar kashe masa kuɗin jama'a ba.

Akwai kuma ɓangaren da masu sanar da waɗannan miliyoyi ba su cika ambata ba, wato ƙasar da masanin ya baro. Idan daga Amurka aka ɗauko shi, giɓin ba ya daɗewa. Idan kuwa daga ƙasa mai tasowa ne, inda wataƙila shi kaɗai ne farfesa a fanninsa, tafiyarsa na iya durƙusar da sashe guda. Wannan ne ya sa tallafin Georg Forster na Jamus, wanda aka keɓe wa masanan ƙasashe masu tasowa, yake da wa'adi, yake kuma buƙatar binciken ya zama mai amfani ga ci gaban yankin da mutum ya fito.

Tambaya: Ni kuma na kammala digiri na uku kwanan nan. Zan iya neman irin wannan tallafi da kaina, ko sai an gayyace ni?

Amsa: Manyan kujerun, irin ta Humboldt ko makamantanta a ƙasar Kanada, jami'a ce take gabatar da sunan wanda take so, kuma na gogaggun farfesoshi ne. Wanda ya fi dacewa da matakinka, Malam, shi ne tallafin Marie Skłodowska-Curie na Tarayyar Turai, wanda ɗan kowace ƙasa zai iya nema. Kai da malamin da zai sauke ka za ku rubuta takardar neman tare, jami'arsa ce kuma za a ba kuɗin idan an dace. Akwai sharaɗi guda da ke kayar da mutane da yawa: kada ya zama ka zauna ko ka yi aiki a ƙasar da kake nema fiye da wata 12 a cikin wata 36 da suka gabaci ranar rufe karɓar takardu. Saboda haka aikin farko shi ne neman mai masauki. Ka karanta abin da malamin ya wallafa a 'yan shekarun nan, ka rubuta masa gajeriyar wasiƙa da ke nuna inda bincikenka ya haɗu da nasa da abin da kai za ka kawo wa sashensa, kuma ka yi haka tun da sauran watanni, domin a watan Satumba aka saba rufe karɓar takardun.