Ciwon ƙirji cikin dare: yaya za a gane asibitin da zai iya ceton zuciya?

Tambaya: Likita, muna zaune a Agege da ke Legas. Mahaifina yana da hawan jini da ciwon suga. Kwanakin baya ya farka cikin dare da nauyi a ƙirji da gumi da amai, muka kai shi wani asibitin kuɗi kusa da gida, aka ce olsa ce, aka yi masa allura aka sa masa ruwa. Sai da gari ya waye aka tura mu babban asibiti, inda aka ce bugun zuciya ne kuma mun makara. Ya rayu, amma yanzu ko masallaci zai je sai ya tsaya ya huta a hanya. Ta yaya mutum zai gane asibitin da ya iya wannan aiki tun kafin buƙata ta taso?

Amsa: Malam, Allah ya ba Baba lafiya, ya saka muku da alheri bisa ɗawainiyar da kuke yi da shi. Kafin in amsa, bari in bayyana abin da ya faru a ƙirjinsa a wannan dare, domin daga nan ne za a fahimci abin da ake nema a wurin asibiti.

Zuciya tsoka ce, kuma tana da jijiyoyinta da ke kai mata jini. Idan gudan jini ya toshe ɗaya daga cikinsu, ɓangaren tsokar da wannan jijiya ke ciyarwa yakan fara mutuwa tun cikin sa'ar farko, ɓarnar kuma tana ƙaruwa muddin ba a buɗe hanyar ba. Tsokar da ta mutu ba ta dawowa, tabo ne ke maye gurbinta, tabo kuwa ba ya harba jini. Gajiyar da Baba yake yi a hanyar masallaci, mai yiwuwa daga nan take. Saboda haka mu likitocin zuciya da agogo muke auna ingancin asibiti a wannan fanni.

Ma'auni na farko, wanda na fi ba muhimmanci, shi ne gwajin da ake kira isiji, wato a manna wayoyi a ƙirji da hannuwa da ƙafafu, na'ura ta zana yadda lantarkin zuciya ke tafiya. Ƙa'idar da ƙungiyoyin likitocin zuciya na Amurka da Turai suka shimfiɗa ita ce a yi wa mai ciwon ƙirji wannan gwaji, a kuma karanta shi, cikin minti 10 da isowarsa. Gwajin ba ya ciwo, ba ya cin lokaci, na'urar kuma ba ta fi ƙarfin ƙaramin asibiti ba. Abin da ke ci mini rai shi ne sau da yawa na'urar tana nan, amma tana kulle a wani ɗaki sai da safe, ko kuma babu wanda ya iya karanta takardar a cikin masu aikin dare. Dattijo mai hawan jini da suga da ya zo da nauyin ƙirji da gumi, bai kamata a kira ciwonsa olsa ba sai an tabbatar zuciyarsa lafiya take, musamman da yake masu suga da mata da tsofaffi sukan zo da alamun da ba su fito sarai ba, kamar zafi a saman ciki, ko amai, ko sarƙewar numfashi kawai. Idan zanen farko bai nuna komai ba kuma ciwon bai lafa ba, ana maimaitawa, a haɗa da gwajin jini na turoponin, wato sinadarin da ke fita cikin jini idan tsokar zuciya ta ji rauni, wanda yakan ɗauki wasu sa'o'i kafin ya hau.

Idan isiji ya nuna jijiya ta toshe gaba ɗaya, hanyoyi biyu ne. Mafi kyau ita ce a zura siririn bututu ta jijiyar wuyan hannu ko ta matsematsi har zuwa zuciya, a buɗe toshewar, a bar 'yar ragar ƙarfe ta tokare wurin, kuma ana son a yi hakan cikin minti 90 da shigowar majinyaci. Asibitocin da ke da ɗakin wannan aiki a Legas ba su da yawa, kuɗinsa kuma mai nauyi ne. Hanya ta biyu ita ce allurar narkar da gudan jini, wadda ake bayarwa idan an ga ba za a kai ga ɗakin ba cikin minti 120. Ta fi amfani a sa'o'i biyu ko uku na farko, bayan sa'a 12 kuwa amfaninta ya ragu ƙwarai, kuma ba a ba wanda ya taɓa samun zubar jini a ƙwaƙwalwa ko aka yi masa babbar tiyata kwanan nan. A gari mai cunkoson motoci irin namu, inda tafiyar rabin sa'a kan koma sa'a biyu, wannan allura tana da matsayi babba.

Ban ce dole kowane asibitin unguwa ya mallaki duk wannan ba. Ƙaramin asibitin da ya yi isiji nan take, ya ba da asfirin a tauna, ya kira babban asibiti ya sanar da su, sannan ya tura majinyaci da takardar gwajin a hannu tare da ma'aikacin jinya, ya yi aikinsa cikakke. Wanda ya riƙe shi har safe yana ƙarin ruwa, shi ne ya cutar da shi.

To, yaya za ku gane? Ku je da rana, lokacin da babu wanda ke kwance, ku tambayi asibitin da kuka saba zuwa: kuna yin isiji da tsakar dare, kuma wa yake karantawa? Kuna da na'urar da ke farfaɗo da zuciya da lantarki idan ta tsaya, kuma tana aiki? Idan abin ya fi ƙarfinku, ina kuke turawa, da wace mota? Asibitin da ya san aikinsa ba zai yi inda-inda wajen amsa waɗannan ba. Daga Agege, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jihar Legas da ke Ikeja bai yi nisa ba, 'yan'uwanmu na Idi-Araba kuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas yana bakin ƙofarsu, kuma duka biyun suna da sashen likitocin zuciya. Lambobin kiran gaggawa a jihar su ne 112 da 767. Ku sani kuma cewa sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana kowane asibiti ƙin ba mutum taimakon gaggawa bisa kowane dalili, don haka rashin kuɗin ajiya a hannu bai zama hujjar barin mai ciwon ƙirji a kan benci ba.

Akwai kuma jinkirin da ke faruwa tun a gida, wanda nake yawan gani a cikin jama'armu: a jiƙa kanwa, a shafa man zafi, a ce bari a ga wayewar gari. Nauyin ƙirjin da ya wuce minti 15, musamman idan yana bi ta hannun hagu ko muƙamuƙi, ba a kwana da shi. Idan babu tarihin zubar jini ko rashin jituwa da maganin, a tauna asfirin mai miligiram 300 a kama hanya, kuma kada majinyacin ya tuƙa kansa.

Game da Baba, ku nemi a yi masa hoton zuciya na eko domin a ga yawan ƙarfin da ya rage mata, ku kuma ajiye duk takardun gwajin da aka yi masa wuri ɗaya. Akwai magungunan da ke taimaka wa zuciya mai tabo ta ƙara ƙarfi, ana ƙara su a hankali gwargwadon awon jini da na ƙoda, kuma ba a dakatar da su don an ji sauƙi. Idan ƙafafunsa suka fara kumbura, ko ya kasa kwanciya sai da matasai da yawa, ku mayar da shi wurin likitansa a ranar, kada ku jira ranar da aka rubuta muku a kati.