Lissafin ruwa da roba a kwamfuta: amsoshin wannan mako

Tambaya: Aikina na kammala digiri yana kan yadda ruwa ke lanƙwasa siririn faifan roba a cikin bututu. Na haɗa OpenFOAM (manhajar lissafin motsin ruwa) da CalculiX (manhajar lissafin lanƙwasuwar daskararrun abubuwa) ta hanyar preCICE (manhajar da ke musayar bayani tsakaninsu), amma bayan 'yan matakai sai lissafin ya wargaje. Ko kwamfutata ce ta gaza? (Ɗalibin injiniya, Zariya)

Amsa: Kwamfutarka lafiyarta ƙalau, kuma na gaji da wasiƙun da ke ɗora wa na'ura laifin mai ita. Nauyin roba da na ruwa sun yi kusa, saboda haka duk lokacin da faifan ya motsa sai ya ture ruwan da ke kewaye da shi, ruwan kuma ya tokare shi tamkar an ɗaura masa ƙarin kaya. Idan manhajojin biyu suna musayar bayani sau ɗaya kacal a kowane matakin lokaci, wato ɗan guntun lokacin da ake lissafawa kafin a matsa gaba, kuskuren yakan riƙa ninkuwa har alƙaluman su haukace, kuma abin takaicin shi ne rage tsawon matakin lokaci, wanda kowa ke fara garzayawa gare shi, sau da yawa ƙara dagula lamarin yake yi. Ka buɗe fayil ɗin saitin preCICE, ka mayar da serial-explicit (musaya sau ɗaya) zuwa serial-implicit (maimaita musaya), ka sa IQN-ILS, dabarar da ke hanzarta daidaituwa, domin ɓangarorin biyu su yi ta maimaita lissafin har su daidaita kafin a wuce gaba.

Kafin ka koma kan bututunka kuwa, ka fara da gwajin da masu bincike Turek da Hron suka wallafa a 2006, wato siririn faifai mai lanƙwasuwa da aka maƙala a bayan silinda, ka kwatanta kaɗawarsa da alƙaluman da aka sani. Hoton ja da shuɗi da manhajar ke fitarwa yana burge abokai, amma ranar kare aiki malamanka alƙaluma za su nema.

Tambaya: Zan iya yin irin wannan lissafi a wayata?

Amsa: A'a. Ka bar ta da WhatsApp.

Tambaya: Windows gare ni, dole ne sai na koma Linux?

Amsa: Ubuntu, wani nau'in Linux, a cikin WSL, tsarin da ke gudanar da Linux a cikin Windows, zai wadatar da ke, ko da yake ni tuntuni na raba ma'ajiyar kwamfutata (hard disk) gida biyu, Windows da Linux, kuma shi nake ba kowa shawara.

Tambaya: Malaminmu ya ce iska ce ta karya gadar Tacoma Narrows. Gaskiya ne?

Amsa: Gaskiya ne, a ranar 7 ga Nuwamba, 1940, a Amurka. Murɗawar gadar ta sauya yadda iska ke bi ta kanta, iskar kuma ta ƙara murɗa ta, har ta faɗa ruwa.