Ku Tambaya Mu Amsa: Aiki Daga Gida, Me Oga Yake Nema Bayan Iya Aikin?

Saƙonnin da suka shigo wannan karon kusan duk a kan aiki daga gida suke, irin wanda kamfani yana can wata ƙasa kai kana ɗakinka da laftof, sai na zaɓo guda uku.

TAMBAYA: Anti barka da aiki, dan Allah ki bani shawara. Ina yiwa wani kamfani aikin haɗa rahoto daga gida, aikina bashi da matsala ko kaɗan amma jiya manajana ya turo min wai bana magana, basu san halin da nake ciki ba sai ranar miƙa aiki. Ni kuma gani nake in dai ina kawo aikin menene na yawan surutu? Abin ya min ciwo wallahi.

AMSA: Sannu ƙanwata, nasan da ciwo mutum ya dage sannan a ce masa da saura. Amma ki yi haƙuri, a nan manajan naki yana da gaskiya, kuma ba surutu yake nema ba. A ofis oga yana wucewa ya ganki kin duƙufa, ya ga fuskarki in abu ya cushe miki, ko baki ce komai ba ya samu labari. To ke yanzu babu wanda yake ganinki, abinda kawai yake gani shine abinda kika rubuta, in kika yi shiru daga Litinin zuwa Juma'a shi a wajensa bai sani ba ko kina aiki ne ko baki da lafiya ne ko kin samu wani wajen kin tafi, kuma shima akwai na sama dashi da zai tambaye shi ina aka kwana.

Wannan abu an taɓa gwada shi. A 2010 zuwa 2011 kamfanin tafiye-tafiye na Ctrip a ƙasar Sin ya haɗa kai da Nicholas Bloom na jami'ar Stanford, aka raba masu amsa waya gida biyu na tsawon wata 9, wasu suna aiki daga gida wasu a ofis. Na gida suka fi ƙoƙari da kashi 13 cikin 100. Amma da aka zo maganar ƙarin girma, in aka kwatanta da irin aikin da suka yi, damarsu ta ragu da kusan rabi. Kinga kenan aikin ya fi kyau amma an manta dasu tunda ba a ganinsu. Wannan shine abinda nake jiye miki, shi yasa nake so ki ɗauki maganar nan da muhimmanci tun yanzu.

Abinda zaki yi ba mai wahala bane. Kullum kafin ki rufe laftof ki ajiye saƙo gajere a Slack ko Teams (manhajojin saƙo na wajen aiki) ko duk inda kuke magana, misali: "Rahoton watan nan na gama kashi biyu cikin uku. Sauran ya tsaya ne saboda alƙaluman sashen sayarwa basu shigo ba, na tuna musu da safe. In sun zo gobe zan miƙa Alhamis, in basu zo ba sai Litinin. Kana so in turo wanda na gama tukunna?" Duba da kyau, ya san inda kika kai, ya san abinda ya tare ki, ya san rana, kuma tambayar da kika masa eh ko a'a ce zai iya amsawa yana tafiya. Ki kwatanta da wanda zai rubuta "sannu oga, kana nan?" sannan ya zauna jiran amsa, in ogan yana barci a can ƙasarsu shikenan an yi asarar yini guda a kan gaisuwa. Ki gaisa, amma ki haɗa gaisuwar da buƙatar a saƙo ɗaya.

Sai babban abu, wanda ni a ganina ya fi komai: labari mara daɗi ki faɗe shi da wuri. Ranar da kika gane aikin ba zai kammala a kan lokaci ba, ranar zaki faɗa, ba daren wa'adi ba. Da yawa kunya ce take hana su, ko tsoron a ce basu iya ba, sai su yi ta fama su kaɗai suna fatan abin zai warware. Wanda aka gaya wa tun saura kwana uku zai iya ƙara miki lokaci ko ya haɗa ki da wani ko ya lallaɓi kwastoma, wanda aka gaya wa saura awa ɗaya babu abinda ya rage masa sai fushi. Haka in baki gane umarni ba ki tambaya, matambayi baya ɓata, sai dai ki fara dubawa ki ce na duba nan da nan ban samu ba.

Maganar tasa da ta miki ciwo kuma, ki tuna rubutu baya ɗaukar murya, abinda mutum zai faɗa da murmushi in ya rubuta sai ya fito a bushe. Kar ki amsa cikin zafi. Ki ce kin gode, ki tambaye shi sau nawa yake son jin bayani kuma a ina, sannan ki riƙe abinda kuka yi.

TAMBAYA: Salam Anti. Na yi kwas na zanen shafukan intanet har da satifiket, ina ta neman aiki a Upwork, shafin da ake neman aiki ta intanet, da sauran wurare shiru. Wane kwas zan ƙara?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kafin ka ƙara kwas ka koma ka karanta saƙonnin neman aikin da kake turawa. In guda ɗaya ne kake kwafewa kana liƙa wa kowa to matsalar a nan take, mai bada aiki daga layin farko yake gane wanda ya karanta buƙatarsa. Ka faɗa masa abinda ka fahimta yana so da kalmominka, ka nuna aiki ɗaya makamancinsa da ka taɓa yi, ka faɗi ranar da zaka gama wadda ka tabbata zaka cika. Kamfanonin da suka daɗe a harkar nan rubutu suke dubawa sosai, Automattic masu WordPress.com, dandalin gina shafukan intanet, an san su da yin intabiyu ta rubutu da ba mutum aikin gwaji da ake biyansa, kamfanin manhaja na GitLab kuma yawancin tsarin aikinsu a rubuce yake a intanet kowa zai iya karantawa, ka leƙa zaka ƙaru.

Sannan ka kula da agogo dan Allah. Duk mitin ka tambaya da lokacin wace ƙasa, ka sa a kalandar waya ko laftof ta juya maka shi zuwa lokacinku. Amurka tana canza agogo Lahadi ta biyu a Maris da Lahadi ta farko a Nuwamba, Turai kuma Lahadin ƙarshe ta Maris da ta Oktoba, ƙasashe da yawa basa canzawa kwata-kwata, sai ka ga mitin ɗin da ka saba ya matsa da awa guda baka sani ba.

TAMBAYA: Anti ni kam aikin ne baya ƙarewa, har tsakar dare ina amsa saƙo, mutanen gida kuma tunda suna ganina zaune sai aike da hira. Ga kaɗaici. Ya zan yi?

AMSA: Ayya, sannu. Waɗannan duk abu ɗaya ne, babu iyaka tsakanin aikin da gidan, kuma babu mai shata miki ita sai ke. Ki zaunar da mutanen gida cikin ladabi ki gaya musu daga ƙarfe kaza zuwa kaza kina bakin aiki kamar wadda ta fita, in da hali ki ware kusurwa ɗaya da ba kya zama sai don aiki, a hankali zasu saba in ke kanki kina mutunta lokacin. Su ma abokan aikin ki rubuta musu awanninki, bayan nan ki kashe sanarwar waya. In kina amsawa ƙarfe 12 na dare kina koya musu ne cewa a wannan lokacin ma ana samunki. Ba ke kaɗai bace, matsalar ta kai har Faransa ta kafa doka tun Janairun 2017 da ta ba ma'aikata haƙƙin katse saƙonnin aiki bayan an tashi.

In hankalinki ne yake yawan barin kan aikin ki gwada tsarin Pomodoro, minti 25 aiki ba taɓa waya, minti 5 hutu, bayan zagaye huɗu ki huta mai ɗan tsawo. In mitin ɗin bidiyo ne yake gajiyar dake ki ɓoye hoton kanki daga sikirin, Zoom yana da wajen yin haka, kallon fuskarki na awanni yana cikin abinda yake kawo gajiyar.

Kaɗaicin kuma kar ki raina shi, a gwajin nan na Ctrip kusan rabin waɗanda suka yi aiki a gida da aka basu zaɓi ofis suka koma, kuma kaɗaici na cikin manyan dalilansu. Ki nemi mutum ɗaya a cikin abokan aikin ku dinga gaisawa ta kira ko minti 15 ne a sati ba a kan aiki ba, kuma kullum in kin tashi ki fita ki ga mutane ido da ido. In kika ga abin ya fara taɓa miki barci da cin abinci na makonni, ki je ki ga likita.