Wannan gaurakar ba tamu ba ce

Assalamu alaikum jama'a. Yaya, na ga hoton da ka turo kana tambaya wai gauraka ce ko zalɓe, kuma ko ita ce tamu ta Najeriya. To zalɓe dai cire shi, ina zalɓe ya ga wannan tukku mai ruwan zinariya? Ko a sama ka hango su ma, zalɓe naɗe wuyansa yake yi in yana tashi, gauraka kuwa miƙe nata take yi sambal, ƙafafu a baya. An wuce wannan.

Gauraka ce, amma ba tamu ba. Jawo hoton da kyau ka dubi wuyan, ruwan toka ne, kumatun fari da ɗan ja a sama, ga wata jar fata tana reto a maƙogwaro irin ta zakara. Wannan ta gabashin Afirka ce, ita ce a jikin tutar Uganda. Tamu wuyanta baƙi ne, kumatun fari a sama ja a ƙasa, kuma daga Senegal har Habasha ake samunta. Su biyun nan ne kaɗai a danginsu suke kwana a kan bishiya, saboda dogon yatsan baya da suke kama reshe da shi.

Dangin ai 15 ne a duniya. Akwai ta Indiya mai tsayi kusan mita 1.8, babu tsuntsu mai tashi da ya kai ta tsawo. Akwai farar Saberiya da ke cin sanyinta a tafkin Poyang na Sin, ita tana bakin ƙarewa. Akwai ta Jafan mai jan kai... kai, bar waɗannan, ba su ka tambaya ba.

Abin da ka tambaya da gaske, ni na gane, shi ne ina tamu ta shiga, tunda har sai da ka ɗauko hoton ta wasu. A Amurka akwai wata fara da a 1941 saura kamar 20 kacal, suka tsaya a kanta, yanzu ta haura 800. Mu fa? Fadamun Haɗejiya da Nguru inda a da take sheƙa da damina, tun da aka yi madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa, ambaliyar ta ragu, sauran kuma noma ya ci. Yanzu in garke kake son gani sai ka je gandun Zakuma a Cadi.

Amma ni abin da ke ci mini rai masu ajiye ta a gida ne. A kamo ta daga fadama, a datse mata fiffike, a sake ta a tsakar gida tana zagaye mota, wai ado. Ba ƙwai, ba 'ya'ya, haka za ta mutu. Akwai wani maƙwabcinmu mai guda biyu, na yi masa magana, ya ce wai kore sammu take yi. Sammu! Ita da ba ta kore wanda ya kamo ta ba? Kuma in ɗaya ta mutu gobe a kawo masa wata, mai kamun ya samu kasuwa. Har ya ce in ina so zai haɗa ni da mai kawowa, ka ji fa Yaya. Bari in tsaya, an kira salla.