Amsa ga Hajiyar da ke tambaya kan karatun marayun ɗan'uwanta

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah Ya jiƙan ɗan'uwanki, Ya raya abin da ya bari. Kin ce ya rasu a Azare ya bar yara uku, dangi sun shirya raba su da zarar mahaifiyarsu ta fita takaba, ke za ki ɗauko macen zuwa Bauchi, babban kuma mai shekara 14 yana hannun hukuma kan zargin satar waya. Kina tambayar yadda za a yi kada karatunsu ya salwanta. Ni tsohon malamin firamare ne a nan cikin gari, kuma a gidana ma an yi riƙo.

Marayun da na ga sun bar aji, kaɗan ne kuɗi ya kora. Yawan sauya hannu ne ke cinye su. Bana yana gidan baffa, baɗi matar baffa ta gaji an tura shi wajen goggo, daga nan sai gidan kaka a ƙauye. Kowane ƙaura zango guda ne ya tafi, wani lokaci shekara. Yaro kamar dashen barkono yake, in ana ta tuge shi ana sauya masa kunya, ko taki ya fi ƙasa yawa ba zai yi 'ya'ya ba.

Don haka kafin a raba su, ku tambayi kanku ko dole ne. A mazhabarmu ta Malikiyya uwa ce kan gaba wajen riƙon 'ya'yanta, in ta yi wani auren sai kakarsu ta wajen uwa. Sau da yawa buhun masara da kuɗin litattafai da dangi za su haɗa duk zango ya fi sauƙi a kan tarwatsa gida, yaran kuma na nan makarantarsu, da malamansu da suka san halinsu. In kuwa rabon ya zama tilas, to ku lura: takaba wata huɗu ce da kwana goma, ba ruwanta da kalandar makaranta. Idan ta ƙare tsakiyar zango, a yi haƙuri yarinyar ta rubuta jarrabawa tukuna. Mafi kyawu ma a jira dogon hutu, ta fara sabon aji a Satumba tare da kowa.

Kuma kada ki ɗauko ta da ƙullin kaya kaɗai. Ki je da ƙafarki wajen hedimastansu ki karɓi takardar canjin makaranta da katin sakamakonta na zangunan baya. An taɓa kawo mana wata 'yar riƙo wadda ta ce aji huɗu take, babu takarda ko ɗaya. Aka gwada ta ranar da ta iso, tana rawar jiki, ba ta iya buɗe baki ba, sai aka jefa ta aji biyu. Tana zaune can bencin baya, gwiwarta ba ta shiga ƙarƙashin tebur, yara na kiranta uwar aji. Zango bai ƙare ba na gan ta da bokitin awara a bakin kasuwar Muda Lawal.

Sai batun suna, wanda mutane ke rainawa. Marikiya saboda ƙauna sai ta rubuta yarinya da sunan mijinta a rajista. Addini ma ya hana, aya ta 5 a Suratul Ahzab ta ce a kira su da sunan ubanninsu. Ga kuma wahalar da ke gaba: takardar haihuwa suna daban, rajistar makaranta daban, NIN daban, alhali tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da NIN. Ranar za ki ga ana zaryar kotu neman takardar rantsuwa. Idan ba su da takardar haihuwa, a karɓo musu ta Hukumar Ƙidaya yanzu, a rubuta suna iri ɗaya ko'ina, har harafi.

A gidanki kuwa, Hajiya, ki gafarce ni, safiya ce ma'auni. In 'ya'yanki sun fita ƙarfe bakwai da rabi ita tana wanke-wanke, to ba a sa ta makaranta ba, an dai rubuta sunanta. Ki ba malamin ajinta lambarki, ki gaya masa marainiya ce sabon zuwa. A islamiyya ma a faɗa musu izun da ta tsaya, kada a mayar da ita Nasi.

Na babban shi ne na gaggawa. Abu na farko takardar haihuwarsa, domin ita ce shaidar cewa yaro ne. In babu ita, jiki ake kallo, kuma yaron da ya yi tsawo sai a haɗa shi ɗaki da manyan da suka gama gogewa. Dokar kare haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ta ɗauki tsare yaro a matsayin mataki na ƙarshe, na ɗan gajeren lokaci, kuma ba a bainar jama'a ake shari'arsa ba. Ku nemi lauyan kyauta a Hukumar Tallafin Shari'a, wato Legal Aid, ko ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, ku kuma nemi jami'in walwalar jama'a na ƙaramar hukuma ya shigo maganar.

Ga abin da dangi ke kasa yi saboda kunya: zuwa makarantar yaron. Ana ɓoyewa, a ce ya yi tafiya, har a soke sunansa. Baffansa ya je ya sami shugaban makaranta a keɓe, ya gaya masa gaskiya, ya roƙi wasiƙa mai hatimi cewa ɗalibinsu ne, ga ajinsa, ga lokacin jarrabawarsa. Lauya na iya gabatar da ita wajen neman beli, kuma alƙali ya fi natsuwa ya saki yaron da aka san inda zai kasance gobe da safe. In aji uku na ƙaramar sakandare yake, a tabbatar an yi masa rajistar BECE, wato jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, ko yana tsare, don in aka rufe sai wata shekarar. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ba kowane yaro shekara tara kyauta kuma dole, zargi bai soke masa wannan ba. Duk mai kai masa abinci ya haɗa da littafin lissafi da na Turanci.

Idan ya fito, shi kam zan yarda a sauya masa makaranta in tsangwama ta yi yawa ko abokan nan na jiransa a bakin ƙofa. Amma sau ɗaya, kuma a hannun mutum ɗaya da za a ambaci sunansa a gaban dangi, ba "mu duka ne iyayensa" ba, don na kowa ba mai zuwa taron PTA dominsa. Ki kuma leƙa hukumar marayu ta jiha, BASOVCA, da takardar mai unguwa da shaidar rasuwar mahaifinsu, a shigar da sunayen su ukun.