Tambaya da Amsa: Ƙafar Hagu da Ta Ƙi Tsayawa Daidai a Wasan Kendo

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ni matashi ne ɗan shekara 24, haifaffen Jidda, iyayena mutanen Katsina ne. Shekara biyu ke nan ina koyon kendo, wasan takobin gora na mutanen Japan, kuma sau biyu a mako muke haɗuwa. Malaminmu ya sha gaya mini cewa ƙafata ta hagu tana juyawa waje, sannan ina sunkuyar da kai idan zan kai sara. Idan ina ni kaɗai a gaban madubi ina iya tsayawa daidai, amma da zarar na sa sulke na fuskanci abokin karawa, sai komai ya koma gidan jiya. Kafin in fara kendo na ɗan taɓa dambe da samarin unguwarmu. Don Allah ku ba ni shawara, domin abin ya fara karya mini gwiwa. Daga ƙanenku a Jidda.

AMSA: Wa alaikumus salamu, ƙanena. Na ji daɗin da ka ambaci damben nan, domin a ganina a nan bakin zaren yake. Ɗan dambe a karkace yake tsayawa, ya ba abokin karawarsa gefe, ya ware ƙafafu sosai, ƙafar baya ta kalli waje, hannun garkuwa a gaba, hannun da aka ɗaure kuma yana baya yana jiran lokacinsa. Wannan tsayuwa ta dace da dambe, saboda ƙarfin naushi daga murɗa ƙugu yake fitowa. Mai yiwuwa ƙafarka ta dama ce take baya a lokacin da kake dambe, amma abin da jikinka ya haddace shi ne ƙafar baya ta juya waje, ko wacce ce. Shi ya sa muddin hankalinka yana kan ƙafar sai ta bi umarni, da zarar kuma ya koma kan mutumin da ke gabanka riƙe da gora, sai ta koma inda ta saba.

Bari mu fara da yadda tsayuwar ta kamata ta kasance, wadda Japanawa ke kira chudan no kamae. Ƙafar dama tana gaba, ta hagu tana baya, yatsun duka biyun suna kallon gaba, kuma faɗin da ke tsakaninsu bai wuce kamar na dunƙulen hannu ba. Yatsun ƙafar hagu suna daidai da layin diddigen dama. Diddigen hagu a ɗage yake kaɗan daga ƙasa, na dama kuwa yana kusa da daɓe ƙwarai ba tare da an danne shi ba. Hannun hagu, wanda yake riƙe da ƙarshen ƙotar takobin, yana gaban cibiya da tazarar dunƙule guda, tsinin takobin kuma yana nuna maƙogwaron abokin karawa. Malamai sun ɗan saɓa a kan yadda za a raba nauyin jiki tsakanin ƙafafun biyu, don haka ka bi abin da malaminka ya koya maka, amma ba su saɓa ba a kan cewa ƙafar hagu ce take tunkuɗa jiki gaba.

Kuskuren da kake yi tsoho ne, har suna gare shi a Japan. Suna ce masa shumoku-ashi, daga sunan gudumar katako da ake buga ƙararrawa da ita, saboda ƙafafun biyu sun gitta kamar kan guduma da ƙotarta. Illarsa ba ta tsaya a ƙafa ba. Idan yatsun hagu suka kalli waje, gwiwar hagu za ta bi su, ƙugun hagu ya ja baya, kafaɗar hagu ma ta bi, sai hannun hagu ya kauce daga tsakiyar jiki. Daga nan hannun dama ne zai karɓe aikin, kuma saran da hannun dama ya jagoranta yakan sauka a karkace, ya zame daga kan hular sulke. Sannan lokacin da ka tunkuɗa, wani kaso na ƙarfinka gefe yake tafiya maimakon gaba, don haka ba ka isa inda kake nufi. Jikinka ya san bai isa ba, sai ya nemi cike giɓin ta hanyar miƙa wuya da sunkuyar da kai. Ina kyautata zaton cewa kurakurai biyun da malaminka ya lissafa maka guda ne, na biyun ɗan na farkon ne, kuma idan ka gyara ƙafar, rabin matsalar kan za ta tafi da kanta.

Akwai kuma batun lafiya, wanda nake so ka ɗauke shi da muhimmanci. Agarar ƙafar hagu da sha-raɓarta su ne suke ɗaukar nauyin kowace tunkuɗa, kuma tsinkewar agara na daga cikin munanan raunukan da aka san masu kendo da su. Ƙafar da ta juya waje tana murɗa wannan jijiya a daidai lokacin da take ɗauke da nauyi. Kada ka fara atisaye ba ka ɗumama jiki ka miƙe sha-raɓa ba, ko da kuwa kana ganin zafin Jidda ya riga ya gasa ka.

To, yaya za a gyara? Ka ce a gaban madubi kana tsayawa daidai, amma madubi yana nuna maka abin da kake yi ne a lokacin da kake sane. Abin da nake so ka yi amfani da shi yana ƙarƙashin ƙafarka a gida, wato layin da ke tsakanin tayil. Ka zaɓi layi guda mai tsawo a falo ko a baranda, ka tsaya ya ratsa tsakanin ƙafafunka, gefen cikin kowace ƙafa ya yi daidai da shi. Ka ajiye takobin, ka ɗora hannuwanka biyu a kan ƙugu, yadda idan ƙugun hagu ya ja baya za ka ji shi a tafin hannunka nan take. Sai ka fara tafiyar da ake kira okuri-ashi: ƙafar hagu ta tunkuɗa, ta dama ta sulale gaba tana shafar daɓe, yatsunta ba su ɗaga sama ba, sannan ta hagu ta biyo da sauri ta tsaya a gurbinta, ba ta wuce ta dama ba kuma ba ta maƙale a baya ba. Bayan kowane taku ka tsaya cik, ka fara jin inda yatsun hagu suke kafin ka duba da ido, sannan ka duba ka gani ko abin da ka ji gaskiya ne. A kwanakin farko za ka tarar kana jin ƙafar a miƙe alhali ta juya, idan kuma ka miƙar da ita sai ka ji kamar ka tanƙwasa ta ciki. Wannan saɓani tsakanin ji da gani shi ne ainihin abin da kake gyarawa. Minti goma a kullum sun fi sa'a biyu a ranar Juma'a kaɗai.

Kai da ka taso kana tsayuwa a sahu sau biyar a yini, ka san yadda ake fuskantar da yatsun ƙafa ga alƙibla ba tare da an sunkuya an duba ba. Ba ina haɗa ibada da wasa ba ne, ina nuna maka ne cewa ƙafarka ta riga ta iya kallon gaba, kuma ta koya ne ta hanyar maimaici mai natsuwa.

Ka lura da abu biyu a ƙafar hagun yayin wannan tafiya. Nauyi ya zauna a kan tudun da ke ƙarƙashin babban yatsa da na kusa da shi, kada ya gangara wajen ƙaramin yatsa. Bayan gwiwa kuma, wanda suke kira hikagami, ya kasance a miƙe da ɗan sassauci, ba a lanƙwashe ba kuma ba a sandare ba. Idan ka ɗaga diddige ya yi sama da yawa, gwiwa za ta lanƙwashe, nauyi ya zube a kan ƙafar dama, sai ka ga dole ka jawo ƙafar hagu kusa kafin ka iya kai sara. Wannan ɗan takun sata shi ne yake tona asirin mutum, domin gogaggen abokin karawa yana ganinsa zai riga ka.

Game da kai da wuya, ka tuna da 'yan matan da ke ɗauko tulu daga rijiya a garuruwanmu na gida: ƙeya a miƙe, haɓa a ɗan ja ciki, kafaɗu a sake, tafiyar kuma daga ƙugu take fitowa. Haka ake so ka shiga sara, cibiya ce za ta fara tafiya, kai da kafaɗu su hau bisanta. Idanunka kuma kada su kafe a kan wurin da kake son sara. Japanawa suna koyar da abin da suke kira enzan no metsuke, wato kallon abokin karawa kamar yadda ake kallon dutse mai nisa, a gan shi gaba ɗaya tun daga kai har ƙafa. Mai zura wa wuyan hannun abokinsa ido ba makawa kansa zai bi idon ƙasa. Ka kuma roƙi malaminka ya duba ɗaurin hular sulkenka, domin idan ba ta zauna daidai ba, mutum yakan karkata kai don ya samu gani ta tsakanin ƙarafan fuskar.

Saura babbar tambayarka, wato yadda gyaran zai bi ka cikin sulke. Kada ka tsallaka daga layin tayil zuwa karawa kai tsaye. Ka ɗauki takobin ka maimaita tafiyar, sannan ka haɗa ta da suburi, wato sara a iska, a hankali, sannan da abokin da zai tsaya ya buɗe maka kai ka sara. Idan lokacin karawa ya zo, ka shiga da niyya guda tak, cewa ƙafar hagu za ta kalli gaba, ko da za a sare ka sau ashirin. Za a kuwa sare ka, har waɗanda ka saba rinjaya za su same ka na wasu makonni, kuma a daidai nan ne yawancin mutane suke komawa tsohuwar ɗabi'a don kare girmansu. Ka jingina wayarka a ƙasa ta bayanka ta ɗauki bidiyon ƙafafunka kawai, ka duba bayan an tashi. Dokar wasan ma tana bayanka: alƙalai uku da ke cikin fili ba sa ba da maki sai sara ya zo da cikakken ƙwazo da kyakkyawar tsayuwa, ihu da takobi da jiki sun sauka tare, abin da ake kira ki-ken-tai-ichi, sannan mai saran ya ci gaba da zama cikin shiri bayan ya sara. Saran da aka kai da kai a sunkuye da ƙafa a yashe a baya yana iya taɓa hula, amma da wuya alƙalai su ɗaga masa tutar ba da maki. Shekara biyu ba ta yi nisan da gyara zai gagara ba, sai dai ka ba shi watanni.

TAMBAYA: Malam, ɗana mai shekara 12 yana koyon wannan wasa, kuma idan ya dawo gida sai ya hau saman bene yana ta buga ƙafa a kan siminti. Yanzu yana kukan ciwon diddigen dama, har da safe yana ɗingishi. In hana shi wasan ne? Daga wata uwa a Makka.

AMSA: Hajiya, Allah ya ba shi lafiya, ya kuma raya muku shi. Bugun ƙafar da kuke ji sunansa fumikomi, wato saukar ƙafar dama a daidai lokacin da takobi ya sauka. A Japan a kan daɓen katako mai ɗan lotsawa ake yin sa, wanda yake shanye ƙarfin bugun. Siminti da tayil da marmara, waɗanda su ne a gidajenmu na nan, ba sa shanye komai, duk ƙarfin yana komawa cikin diddige da gwiwa. Don haka abu na farko shi ne ya daina buga ƙafa a saman benen daga yau. A gida ya tsaya ga tafiyar sulalawa da na bayyana a sama, wadda ba ta da bugu.

Yara da yawa suna ɗauka cewa ƙarar ce abin nema, sai su ɗaga gwiwa sama su sauko da diddige kamar mai kirɓa sakwara. Yadda ya kamata shi ne ƙafar ta tafi gaba kusa da ƙasa, tafin ya sauka gaba ɗaya lokaci guda, ƙugu yana bisansa, ƙafar hagu kuma ta biyo nan take. Ku gaya wa malaminsa halin da ake ciki don ya duba masa wannan, kuma akwai matashin diddige da masu kendo ke sawa, wanda zai rage masa zafi idan ya koma.

Amma tun da abin ya kai ga ɗingishi, ina roƙonku ku kai shi wurin likita kafin ya koma atisaye. A shekarunsa ƙashin diddige bai gama ƙosawa ba, kuma wurin da agara ta kama ƙashin yakan yi kumburi ga yara masu yawan gudu da tsalle. Likita ne zai faɗi tsawon hutun da yake bukata. Ba na ganin dalilin raba shi da wasan gaba ɗaya. A lokacin hutun ma yana iya zuwa ya zauna a gefe ya kalli manya, domin koyo ta hanyar kallo, wanda suke kira mitori-geiko, sashe ne na horon, sai ku ce masa ya riƙa kallon ƙafafunsu maimakon takubbansu.