Hukuncin wayar ɗalibi da ta ɓata a hannun makaranta bayan an ƙwace ta

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni mazaunin unguwar Birni ne a nan Damagaram. Ɗana yana karatu a wata kwaleji mai zaman kanta wadda dokarta ta hana shiga aji da wayar salula. Ya ɗauki wayar mahaifiyarsa ya tafi da ita, surbeyan, wato mai kula da ladabin ɗalibai, ya kama shi ya karɓe, aka ce sai uba ya zo. Da na je, aka duba durowar teburin da aka sa ta aka rasa, kuma durowar ba ta da makulli, ofishin ma a buɗe yake wuni, ɗalibai na shiga suna fita. Darakta ya ce yaron ne ya karya doka, kuma takardar da na sa wa hannu ta ce makaranta ba ta ɗaukar alhakin abin da aka ƙwace. Bara muka sayi wayar a kan jaka 60. Shin akwai biya a kansu?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Idan al'amarin ya kasance kamar yadda ka bayyana, to biyan wayar ya wajaba a kan makarantar, kuma laifin da yaronka ya yi bai sauke mata wannan nauyi ba.

Karɓar wayar tun farko halal ne. Ka sa hannu a kan dokar da ta hana shiga aji da ita, dokar kuma tana da maslaha bayyananniya ga karatu, ga shi Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa Musulmi suna kan sharuɗɗansu. Saboda haka ba za a kira surbeyan mai ƙwacen zalunci ba, wanda shi kam yana biyan abin da ya ƙwata ko da annoba ce daga sama ta halaka shi. Sai dai iznin da ka bayar izni ne na a riƙe wayar zuwa wani lokaci domin horo, bai mayar da ita dukiyar makaranta ba, bai kuma zubar da alfarmarta ba. Mafi yawan malamai sun hana a hori mutum da cinye dukiyarsa, kuma wasu malaman Hanafiyya sun fassara sauƙin yin hakan da aka ruwaito daga Abu Yusuf, almajirin Imamu Abu Hanifa, da cewa mai mulki ya riƙe dukiyar na ɗan lokaci har mai laifi ya hanu, sa'an nan ya mayar masa. Idan wannan ce iyakar da suka sa wa mai mulki, to darakta da surbeyan sun fi cancanta su tsaya a nan. Balle ma wayar ta mahaifiyarsa ce, wadda ba ta shiga aji ba, ba ta karya dokar kowa ba.

Daga lokacin da wayar ta bar hannun yaron ta zama amana, hukuncinta hukuncin ajiya ne, wato wadi'a. Allah Maɗaukaki ya umurce mu a Suratun Nisa'i, aya ta 58, da mu mayar da amanoni ga masu su. Ƙa'idar mazhabar Imamu Malik, wadda ita ce ake karantawa a zaurukanmu, ita ce mai ajiya amintacce ne, ba ya biya sai idan ya yi ta'addanci, wato ya ƙetare iyakar abin da aka yarje masa, ko sakaci. Ibnu Abi Zaid, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya faɗa a littafinsa Risala cewa idan mai ajiya ya ce abin ya ɓata to ana gaskata shi, amma wanda ya yi ta'addanci ga ajiya zai biya ta. Shehu Halil kuma ya lissafa a Muhtasar abubuwan da ke jawo biya, daga cikinsu akwai amfani da ajiyar, da miƙa ta ga wani ba tare da uzuri ba, da manta ta a wurin da aka karɓe ta, ya kuma ce wanda ake tuhuma sai ya rantse.

Ma'aunin sakaci shi ne al'adar mutanen gari wajen tsare irin wannan kaya. Kowa a Damagaram ya san cewa mai cajin waya a bakin Kasuwar Dole ba ya barin wayoyin mutane a fili ya tafi, yakan sa musu lamba ya tsare su, domin ya san waya abu ce ƙarama mai tsada da ke shiga aljihu cikin ƙiftawar ido. Durowa marar makulli a ofishin da yara ke kai da komowa ba ma'ajiyar waya ba ce, kuma ina da yaƙinin surbeyan ba zai bar tasa wayar ta kwana a ciki ba. Wannan shi ne sakacin da ya wajabta biya. Da a ce an kulle ta a kabad, ɓarayi suka fasa ofishin da dare, ko gobara ta tashi, da babu kome a kansu face rantsuwa idan ka tuhume su, sai ka yi haƙuri.

Maganar takardar da ka sa wa hannu kuwa, ana ɗaukarta ne a kan ɓatan da ba sakaci a cikinsa, wanda dama shari'a ba ta ɗora musu ba. Amma a fassara ta da cewa makaranta na iya karɓar kayan mutane ta yi wasarere da su ba mai tambayarta, wannan sharaɗi ne ɓatacce, kuma ya tabbata a Buhari da Muslim, a ƙissar Barira, cewa duk sharaɗin da ba ya cikin Littafin Allah ɓatacce ne ko da sharaɗi 100 ne. Abin yana damuna matuƙa in ga wurin da aka kafa domin tarbiyya yana koya wa yaro a aikace cewa mai iko yakan karɓi abu ya ɓatar ya ce ba ruwansa.

Abin da za a biya shi ne ƙimar wayar, domin Risala ta ce wanda ya halaka kaya ƙimarsa ce a kansa, kwatankwaci kuwa sai a abin da ake aunawa ko ake awo. Ba jaka 60 da ka biya bara za ka nema ba, a'a, mutum biyu masu gaskiya daga masu sayar da waya za su ƙiyasta abin da irinta, da tsufanta da lafiyarta, take yi a ranar da ta ɓata. Kuɗin na mahaifiyar yaron ne, don haka ba ka da ikon yafewa ko ragewa sai da yardarta.

Makaranta za ka nema, domin da ita ka ƙulla yarjejeniya kuma da sunanta aka karɓi wayar. Idan ba ta tanadar wa surbeyan wurin kullewa ba, asarar tata ce, bai halatta ta yanke daga albashinsa ba. Idan kuwa akwai kabad mai makulli ya ƙi amfani da shi, ko ya tafi da wayar gida, ko ya yi kira da ita, to tana iya komawa kansa da abin da ta biya.

Na ji bakinka kaɗai ne, darakta kuma yana da nasa bayani, musamman game da halin durowar. Ka fara neman sulhu ta hannun kwamitin iyayen yara, in ya ƙi ka kai maganar gaban alƙali ya saurari ɓangarorin biyu. Kada ka riƙe kuɗin makaranta da kanka a madadin wayar kafin a yi hukunci, kuma ka tsawata wa yaron a kan ɗaukar kayan mahaifiyarsa da saɓa dokar malamansa. Wallahu a'alamu.